Wane layi ya fi sabis, kuma me ya sa ofdet ke makara a wasu wayoyi?

Assalamu alaikum jama'a, tambayoyin wannan karon kusan duk sun taru ne a kan layukan waya da netwok, sai na haɗa masu kama da juna wuri guda dan kada mu yi ta maimaita magana ɗaya.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah tsakani da Allah wane kamfanin layi ne ya fi kowa sabis? Wallahi na gaji, a waje sabis cike fal amma da na shiga ɗaki sai ya koma sanda ɗaya, kuma taswirar kamfanin ta nuna yankinmu duk 4G ne.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba zan kama maka sunan kamfani ɗaya ba, domin babu kamfanin da ya fi kowa a ko'ina, layin da yake gudu a gidan wani zai iya zama matacce a naka kuma tsakaninku bai fi tafiyar minti goma ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne nisanka da ƙarfen sabis, da zangon mitar da ƙarfen yake aiki da shi, da yawan mutanen da suka hau kansa lokaci guda.

Maganar mitar nan ita ce mutane ba su cika sani ba kuma ita ce amsar matsalar ɗakinka. Kamfanoni suna sayen mita ne daga hukumar sadarwar ƙasa, akwai ta ƙasa-ƙasa irin 700 da 800 da 900 MHz, akwai ta sama irin 1800 da 2100 da 2600 har 3500. Ta ƙasa tana tafiya nesa kuma tana ratsa bango, ta sama tana ɗaukar data mai yawa amma ba ta da nisan zango kuma siminti da rodi da kwanon rufi suna cinye ta. Kamar kiɗa ne daga nesa, dum-dum ɗin ganga kake ji ta bango amma muryar mawaƙi ba ta iso ka. To idan 4G ɗin kamfaninka a yankinku tana kan 2600 ne kawai, a tsakar gida za ka ga wuta, ka shiga ɗaki ta mutu, alhali maƙwabcinka mai layin da ke da 800 yana kwance a gado yana kallon bidiyo. Shi ya sa kamfanoni ke zuba kuɗi a kan mitar ƙasa, T-Mobile a Amurka ta kashe kusan dala biliyan 8 a 2017 dan ta mallaki 600 MHz, haka MTN a Najeriya ta sayi Visafone a 2016 kuma babban abin da ta hango shi ne 800 MHz ɗin da ke hannunsu.

Ita kuma taswira kada ka ɗauke ta kamar an zo ƙofar gidanka an auna, kwamfuta ce ta lissafa inda ya kamata sabis ya kai ga mutumin da ke tsaye a waje. A Disamba 2019 hukumar sadarwa ta Amurka FCC ta fitar da rahoton gwajin da ma'aikatanta suka yi a kan hanyoyi, suka ce taswirorin 4G na Verizon da T-Mobile da US Cellular sun zarce abin da ke ƙasa a zahiri. Gara ka duba manhajoji irin Opensignal ko nPerf ko Speedtest na Ookla, su daga wayoyin mutane suke tara bayanan.

Sandunan nan ma kada ka yarda da su sosai, babu wani ma'auni guda da aka ɗora wa masu ƙera waya, kowa yadda ya ga dama yake zana nasa. Lambar gaskiya tana ciki, a Android ka shiga saitin ka gangara About phone ka nemi SIM status za ka ga lamba mai alamar ragi da dBm a gabanta, a iPhone kuma ka kashe Wi-Fi ka danna *3001#12345#* ka kira. A 4G idan ka ga wajen -80 kana cikin daɗi, -100 da lallaɓawa, ya wuce -110 kuwa sai haƙuri. Idan lambar tana da kyau amma intanet na jan ƙafa musamman da daddare, to cunkoso ne, mutane sun yi wa ƙarfen yawa, kuma canza waya ba zai yi maganin wannan ba.

Shawarata ka ari layin wani ko ka sayi ƙaramin data a layuka biyu, ka gwada a cikin ɗakin da kake kwana da wurin aikinka da hanyar da kake bi, da safe da kuma bayan magariba, wanda ya riƙe ka a waɗannan wuraren shi ne layinka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yayana ne ya aiko min waya daga Amurka, na sa sim tana kira lafiya amma 4G sai jefi-jefi, wani mai gyara ya ce wai wayar CDMA ce shi ya sa. Gaskiya ne?

AMSA: Barka kadai ƙanina. In wayar ta 'yan shekarun nan ce inaga ba CDMA ba ce matsalar, wancan zance ne na da. Asalinsa duniya ta rabu gida biyu, GSM da aka fara a Finland a 1991 mai amfani da sim, da CDMA ta kamfanin Qualcomm wadda a ƙasashe da dama lambar a jikin wayar ake ɗaura ta ba sim. A Amurka AT&T da T-Mobile suna GSM, Verizon da Sprint suna CDMA, dan haka a lokacin wayar Verizon ba lallai ta yi aiki a wani layi ba. Zuwan LTE, wato 4G, wanda kamfanin TeliaSonera ya fara buɗewa a Stockholm da Oslo a Disamba 2009 shi ya haɗe kan kowa, T-Mobile ta haɗiye Sprint a 2020, Verizon kuma ta kashe CDMA ɗinta gaba ɗaya a ƙarshen 2022.

Abin da ya rage yanzu shi ne band, wato lambobin da aka ba zangunan mitar nan. Amurka tana amfani da irin su 2 da 4 da 12 da 13 da 66 da 71, Turai da Afirka da yawancin Asiya kuma 1 da 3 da 7 da 8 da 20 da 28. Manyan wayoyi irin iPhone da Galaxy S suna ɗauke da yawancinsu, amma ƙananan wayoyin da kamfanin layi ya sa aka ƙera masa musamman sau da yawa an rage musu, sai ka ga tana da 3 ko 7 amma babu 20 babu 28, kaga kenan za ta kama 4G a tsakiyar gari kusa da ƙarfe, da ka matsa gefe ko ka shiga gini ta sauka 3G. Wannan a jikin wayar yake, babu filashin da zai ƙara mata band. Ka duba lambar samfurin a About phone ka bincika jerin band ɗinta ka haɗa da na layinka, tunda tana kira da sim ɗinka ai ba a kulle take ba. Ga masu shirin a aiko musu kuma ku sani tun daga iPhone 14 na 2022 waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim, eSIM kawai, wato sim ɗin da ake saukarwa cikin waya ba kati, sai ka tabbatar layinka yana bayarwa kafin a saya.

TAMBAYA: Ya kamata in koma layin da ke da 5G? Kuma me ya sa in ana kirana 4G ɗina ke ɓacewa ta koma H?

AMSA: In 4G ɗinka tana isarka a inda kake zaune kada ka yi gaggawa. 5G da aka fara gadan-gadan a Koriya ta Kudu a Afrilun 2019 a yawancin ƙasashe tana kan 3500 MHz ne, mai sauri ƙwarai amma gajeren zango, kuma da yawa har yanzu a jingine take da ƙashin bayan 4G, dan haka kamfanin da 4G ɗinsa ba ta da ƙarfi a wajenku 5G ɗinsa ba za ta cece ka ba. Alamar da ke saman waya ma ba hujja ba ce, AT&T ta taɓa sa wa 4G ɗinta da aka inganta alamar 5G E har aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2019.

Saukar da kake gani lokacin kira kuwa, 4G hanyar data ce zalla, in babu VoLTE, wato tsarin yin kira a kan 4G, dole wayar ta koma 3G ko 2G ta ɗauki kiran sannan ta dawo. Ka duba saitin sim ko akwai wurin kunna VoLTE, in babu to ko layin bai bayar ba ko bai amince da samfurin wayarka ba. Abin lura ne wannan domin ƙasashe suna ta kashe 3G, AT&T ta kashe tata a Fabrairun 2022, kuma wayar da ba ta da VoLTE a irin wannan wurin kira ma gagararta yake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni da maigidana wayarmu Samsung iri ɗaya ce sak, tasa ta samu sabon Android tun tuni tawa kullum na duba sai ta ce babu komai. Layinmu daban ne, in na canza layi zai zo?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yar da layinki tukuna, mafi yawan lokuta ba sim ɗin da ke ciki ne ya riƙe ofdet ba, inda aka ƙera wayar dominsa ne.

Ga yadda abin yake tafiya. Google ta gama sabon Android, sai masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin Qualcomm da MediaTek da Unisoc su daidaita shi da nasu kayan, sai mai wayar ya ɗora tasa rigar a kai, Samsung da One UI, Xiaomi da HyperOS, Tecno da HiOS, Infinix da XOS, sannan a raba shi yanki-yanki. In kuma wayar ta hannun kamfanin layi aka fara sayar da ita, wadda za ki ga tambarinsu yana fitowa in an kunna da manhajojinsu da ba sa gogewa, to akwai ƙarin zango, sai su ma sun gwada sun ga kira da saƙo da kiran gaggawa suna aiki a netwok ɗinsu sun sa hannu kafin a sake shi, nan ne makonni ke zama watanni. Gwajin yana da amfani ban musa ba, amma mai waya ne ke zaune da ɓarakar tsaro a aljihu yana jira, kuma abin yana damuna domin wanda ya sayi irin wayar nan hannu na biyu a wata ƙasa yana jiran sa hannun kamfanin da bai taɓa riƙe layinsa ba. Apple ta tsallake wannan tun iPhone na farko a 2007, ita ke tura iOS kai tsaye ga kowa rana ɗaya ko wane layi yake.

Ki ɗauki wayoyin biyu ki shiga About phone ki duba lambar samfuri harafi bayan harafi. A manyan Samsung na baya-bayan nan wadda ta ƙare da B ta kasuwar duniya ce, U ta kamfanonin layin Amurka ce, U1 ta Amurka ce mara kulle. A ido iri ɗaya ne amma hanyar da suke bi wajen karɓar ofdet daban. In harafin ma ɗaya ne to akwai lambar yanki da Samsung ke kira CSC, kuma ko ita ɗaya ce ba a sakar wa kowa rana ɗaya, kaɗan-kaɗan ake turawa dan in an ga matsala a tsayar. Ki kuma tabbata akwai wuri a wayar, da caji, da Wi-Fi, wasu suna nan a shirye rashin wuri ne ya hana su sauka.

Abin da na fi so ki duba ma ba lambar Android ba ce, kwanan watan facin tsaro ne, yana cikin Software information. A Yulin 2015 kamfanin Zimperium ya bankaɗo ɓarakar Stagefright wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyin Android kusan miliyan 950, ta saƙon MMS kawai ana iya kutsawa, kuma gyaran ya maƙale a wannan dogon jerin matakan da na lissafa miki, daga nan ne Google da Samsung suka fara facin wata-wata. Google ta ƙara rage dogaro da wasu, ta kawo Treble a Android 8 a 2017 dan a raba tsarin da kayan masu ƙwaƙwalwa, ta kawo Mainline a Android 10 a 2019 wanda wasu sassan ke sabuntuwa ta Google Play ba tare da jiran kowa ba, shi ma ki nemi Google Play system update a saitin ki danna. In facinki na watannin nan ne hankalinki kwance, sabon Android zai iso.

TAMBAYA: To Malam in kai wa mai gyara ya yi min filashin na wata ƙasa dan in samu da wuri?

AMSA: Ban ba ka shawara ba ɗan'uwa, sai in ka san abin da kake yi. Manhajar B ba ta hawa kan U, wani sa'in ƙwaƙwalwar cikinsu ma ba ɗaya ba ce, kuskure ɗaya wayar ta ƙi tashi, in kuma aka buɗe mata bootloader, wato makullin da ke hana a canza tsarin wayar, manhajojin banki da yawa za su ƙi aiki, a Samsung kuma tsarin tsaronta na Knox in ya tsinke ba ya dawowa. Tun wajen saye ake maganin wannan, ka nemi mara kulle wadda aka yi wa yankinku, ka tambayi shekara nawa aka yi alkawarin sabunta ta. Google ta yi alkawarin shekara 7 daga Pixel 8 a 2023, Samsung ma 7 daga Galaxy S24 a 2024, ƙananan wayoyi da yawa kuwa shekara biyu ko uku ne an sallame su, kuma lissafin daga ranar da wayar ta fito kasuwa ake fara shi ba ranar da ka saya ba, dan haka mai sayen hannu na biyu ya duba shekarar fitowarta ya cire ya ga nawa ya rage masa.