Na Gama Kwas Ɗin Gyaran Kwamfuta, Amma Fomat Kaɗai Na Iya

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na yi kwas na wata uku kan gyaran kwamfuta da haɗa netwok, har an ba ni satifiket. Amma da zarar an kawo mini na'ura mai matsala sai gabana ya faɗi, domin abin da aka nanata mana shi ne a yi fomat a sa sabon Windows. Akwai wadda na yi wa haka sau biyu, kwana uku ta koma daskarewa. In tara kuɗi in zana CCNA, jarrabawar netwok ta kamfanin Cisco, ne, ko in sake wani kwas?

Amsa: Wa alaikumus salam. Faɗuwar gaban nan alheri ce, don ta nuna ka gane akwai giɓi. CCNA dai ba za ta cike shi ba, domin ita kan na'urorin haɗa netwok, wato rauta da siwic, da rabon adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita, take. Fara da CompTIA A+ ta gyaran kwamfuta, wadda jarrabawa biyu ce, sannan Network+ ta tushen netwok, sai CCNA mai lamba 200-301, wadda satifiket ɗinta ke aiki shekara 3. Jerin darussan kowacce ana sauke shi kyauta, haka Packet Tracer na Cisco, mai kwaikwayon netwok a cikin kwamfuta, da za ka yi gwaji da shi. Kada ka biya kuɗin jarrabawa yanzu.

Sai maganar fomat, wadda ita ce ainihin ciwon. Wanda ya karɓi kuɗinka wata uku ya sallame ka da wannan bai koya maka gyara ba, ya mayar da kai mai magani da jiƙo ɗaya, kowace cuta shi. Fomat manhaja kaɗai yake taɓawa. Idan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ce ta lalace, ko faifan ajiya na mutuwa, ko zafi ya yi yawa, ko wuta ba ta isa, to an bar jaki ana dukan taiki. Na'urar za ta yi sauri kwana biyu saboda babu kaya a kanta, mai ita ya yi godiya, sannan ciwon ya dawo. Abin da ya faru da taka ke nan.

Ɓarnar ba ta tsaya a ɓata lokaci ba. Faifan da ya fara mutuwa sauran numfashinsa kaɗan ne, kuma da wannan kaɗan ɗin ya kamata a kwashe bayanan mai shi. Kai kuwa sai ka zuba masa Windows na gigabait 20 ko fiye, a kan gurbin da takardun mutum da hotunan iyalinsa suke. A tsohon faifai mai juyawa akan ceto wani abu. A SSD kuwa, wato faifan zamani marar juyawa, da zarar umarnin TRIM mai goge abin da aka zubar ya share gurbin, sai dai haƙuri. Kullum ana yi wa mutane wannan asarar, mai gyaran kuma ya ce wai bairos ne ya cinye.

Gyara awo ne. Kafin komai buɗe bayanan SMART, wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa, da manhajar CrystalDiskInfo, ka duba lamba 5 da lamba 197, masu ƙidaya guraben da suka lalace ko ake shakkar su. Idan ainihin ƙidayarsu ta wuce sifili, musamman in tana ƙaruwa, ko ka ji faifan yana ƙas-ƙas, tsaya nan. Kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifai da manhajar ceto bayanai ta ddrescue, sannan a yi maganar gyara. In faifai lafiya, sa MemTest86, mai gwada RAM, ya yi zagaye 4. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja: cire RAM ɗin ka gwada su ɗai-ɗai, ka kuma sauya musu rami, don wani lokaci ramin ne ke da laifi. Duba zafin furosesa yana cikin aiki. In yana kaiwa digiri 95 zuwa 100, zai rage gudu da kansa ko ya kashe na'urar, maganinsa kuwa share ƙura, duba fanka da sabon man sanyaya. A kwamfutar tebur auna wuta da mita: wayar rawaya bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3, kuma kashi 5 cikin 100 kawai aka yarda su kauce, wato rawaya kada ta sauka ƙasa da 11.4. Akwatin wutar kansa kada ka buɗe shi, domin babban kafasitan ciki na iya riƙe bolt kusan 400 bayan an zare soket. Sai duk waɗannan sun fita lafiya ake zargin manhaja.

Wannan ɗabi'a tana da ƙanwa a netwok: danna riset a bayan rauta da zarar intanet ta ɗauke, a goge duk saitin da wani ya sha wahalar yi. Alhali umarnin ipconfig na Windows, mai nuna adireshin na'ura, kaɗai zai faɗa maka da yawa. Adireshi mai farawa da 169.254 yana nufin na'urar ba ta samu DHCP, wato mai raba adireshi, ba. In ping, umarnin gwada ko saƙo na isa, ya kai adireshin Google na 8.8.8.8 amma shafi bai buɗe da suna ba, matsalar daga DNS ce, mai juya suna zuwa adireshi. Layin gigabit, wato mai gudun megabit 1000, da ya tsaya a 100 galibi waya ɗaya ce cikin takwas ɗin da ke cikin kebul ba ta kama ba, domin gigabit na buƙatar tagwaye huɗun duka, shi kuwa 100 fil na 1, 2, 3 da 6 sun ishe shi. Kebul kada ya wuce mita 100.

Maimakon sabon kwas, nemi tsofaffin kwamfutoci biyu, ƙaramin siwic, mita da na'urar gwajin kebul. Sa abokinka ya dasa musu matsala ba ka gani, ya sassauta RAM ko ya canza adireshin DNS, kai kuma ka gano, kana rubuta alama da awo da sakamako a littafi. In ka samu ƙwararren da ke awo kafin ya taɓa na'ura, zauna a ƙarƙashinsa wata shida.

Waccan kwamfutar kuma kada ka sake yi mata fomat na uku. Kira mai ita, ka tambaye shi ko yana da kwafin bayanansa a wani wuri, sannan ka fara da SMART.