Zauren Harshe: ƙwayar cuta, birus, da ɗan garin da ake cin gari da shi

Tambayoyin wannan mako duk kan cuta suka taru. Da alama hunturu ya raba wa Damagaram mura gida-gida.

Wani ɗalibi daga Mirriya: Malam, "birus" da muke faɗi da "bairas" ta mutanen Kano, wace ce daidai?

Duka aro ne. Mu ta bakin Faransawa muka ji, su ta bakin Ingilawa. Asalinta Latin, ma'anarta dafi. Kowa ya riƙe tasa.

Wata malamar lakwal daga Garin Malam: Ina gaya wa yara birus ita ce ƙwayar cuta. Na yi daidai?

Malama, kin yi rabin daidai, kuma ragowar rabin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kalmar "ƙwaya" ta sha kaya kamar jakin ranar kasuwa: ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, har ƴan ƙwaya. Da masu fassarar labarai suka zo, sai suka zuba bakteriya da birus cikin buhu ɗaya, suka rubuta masa "ƙwayoyin cuta", suka ɗaure baki. Alhali kama da wane ba wane ba ne.

Bakteriya halitta ce mai zaman kanta. Tana ci, tana girma, tana rabuwa biyu ta hayayyafa. Birus kuwa, in za ki kwatanta wa yara, ki ce musu laya ce: rubutu a ciki, fata a waje. Rubutun shi ne DNA ko RNA, fatar kuma furotin. Waɗansu, irin na mura da korona, suna da ƙarin mayafi na maiƙo, shi ya sa sabulu ke yi musu illa. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta haihuwa da kanta. Ƙanƙanta kuwa, sai an jera irin ta mura wajen dubu goma kafin su cika milimita ɗaya. A 1892 wani Barashe, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo da matacin da ke tare bakteriya, sai ga ruwan da ya zube har yanzu yana sa wa lafiyayyar taba ciwo. Ba a ga abin da ido ba sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan an ƙera madubin ƙara girma mai aiki da lantarki.

Kar a ce rigimar malamai ce kawai. Makon jiya a ƙofar gidana na ga wani yaro ya tsai da mai tallar magani, ya ce mura ke damunsa. Mutumin ya zaro ampisilin daga faranti, ya ce, "Wannan maganin ƙwayoyin cuta ne." A Hausar rediyo bai yi ƙarya ba. Amma ampisilin bangon jikin bakteriya yake rushewa, birus kuwa ba ta da irin wannan bango. Yaron ya ba da dala arba'in ɗinsa, ya tafi da murarsa. Don Allah, Malama, ki riƙa cewa "ƙwayar birus" da "ƙwayar bakteriya". Tsawon baki bai kai tsadar kuskure ba.

Wani tela daga Zango: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ba haka birus ke shiga jiki ba?

Ƙanena, karin maganar tana da daɗi, amma ba nan ne mazauninta ba. Ta dace da birus mai shiga ta rauni, kamar ta cizon mahaukacin kare. Amma a ƙofar tantanin halitta, wato ɗaya daga ƙananan gidajen da suka haɗu suka zama jiki, ba tsaga take nema ba, da mabuɗi take zuwa. A bayanta akwai ƙayoyin furotin da suka dace da wani kuba a jikin tantanin. Ta ƙanjamau tana neman wanda ake kira CD4 a jikin sojojin jini, ta korona tana neman ACE2. In mabuɗin bai shiga ba, ko bangon ya tsage ba ruwanta da gidan. Dalili ke nan ciwon ganyen taba bai kama mai shan taba.

In ta shiga, sai ta tuɓe fatar, ta miƙa rubutun. Ma'aikatan gidan, waɗanda aikinsu karanta umurni ne su ƙera furotin, sai su karanta nata kamar na maigida, su shiga ƙera sababbin birus da kayan gidan. Daga nan ko tantanin ya fashe, ko ƴaƴan su riƙa fita ɗaya-ɗaya suna yagar bangon su yafa. Kai tela ne: ka ɗauka wani ya shigo shagonka ya ajiye nasa awon, yaranka suka kwana suna ɗinka masa da kekenka, da zarenka, da yadinka. Karin maganar da ta dace ita ce "da ɗan gari akan ci gari". Ina jin haushin masu jefa karin magana don kawai ta yi zaƙi a kunne, ba su duba inda ta sauka ba.

Wata uwa daga Birni: Me ya sa ake cewa "shan inna"?

Don mutanen da sun ɗauka Inna ta bori ce ke shanye ƙafar yaro. Birus ce, ta baki take shiga. Sunan ya zauna, ba sai an kore shi ba. A dai kai yara ɗigo.

Wani mai sauraro daga Tanut: Mece ce "agana"? Ban taɓa jin ta a bakin likita ba.

Ba za ka ji ba. Cutar ƙuraje ce da birus ke kawowa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da ƙarewarta a 1980. Ka duba fuskar tsofaffi masu zanzana, ka tambaye su.