Ta'aziyyar Makaɗi: Amsa Ga Yarona A Gidan Rediyo

Ɗana, ka ce wani tsohon makaɗi ya rasu a wajen Ƙaura Namoda, an ba ka rubuta ta'aziyyarsa, kuma bayan "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un" da "an yi babban rashi" ka rasa abin cewa. To, saurara.

Aikin biyu ne. Sanarwa ita ce ta gaggawa, tunda mutum kan cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa: sunan yanka, laƙabi, garinsu, wurin jana'iza da lokaci. Kada ka sake ta sai ka ji daga bakin iyalinsa, don an sha yaɗa mutuwar mawaƙa a Facebook alhali suna nan da ransu. Cikakkiyar ta'aziyyar kuwa, bari sai an yi sadakar uku.

Ranar ka je gidan da ƙafarka. Bayan ka gaisa da iyali ka yi addu'a, duba ƙarshen tabarma, can nesa da masu manyan riguna. Za ka ga wani dattijo ya yi tagumi, ba mai kula shi. Galibi shi ne tsohon ɗan amshi, wanda ya yi shekaru yana karɓi a bayan marigayin. Tarihin yana wurinsa. Tambaye shi wa ya koya wa marigayin kiɗa, gado ne ko haye, me yake kaɗawa, kuma wane ne ubangidansa.

Kada ka rubuta "ganga" ka wuce, masana za su raina ka. Musa Ɗanƙwairo Maradun kotso yake kaɗawa, Salihu Jankiɗi taushi, Kassu Zurmi kuwa kalangu, shi da ke wasa 'yan tauri. Kayan kiɗan ne ke nuna ko mutum na fada ne ko na maza. Ubangida ma haka: ba a tarihin Sa'idu Faru a tsallake Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Talata Mafara kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ka kula da zamani kuma. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, lokacin Maradun na ƙarƙashin Jihar Sakkwato, domin sai 1996 aka ƙirƙiri Zamfara.

Shekarar haihuwa kan ba da wahala. In iyali ba su da ita a rubuce, kada ka ƙirƙira. Ka ce an haife shi zamanin sarki wane, ya wadatar.

Inda na fi so ka natsu shi ne nan. Wani cikin 'ya'yan zai ja ka gefe ya ce a rubuta "manomi kuma dattijon unguwa", a bar zancen kiɗa. Ka saurare shi da ladabi, ciwonsa sabo ne. Addini ya hore mu da ambaton alherin mamaci, shi ya sa ba za ka tono zambon da ya yi wa wani ba, musamman da jikokin wancan na sauraren rediyo. Amma sana'ar da ya ci da iyalinsa, wadda ta sa aka san sunan garinsu, ba abin kunya ba ce. In ya aje kiɗa a ƙarshen rayuwarsa ya koma masallaci, faɗi dukansu, kowanne da lokacinsa. Yana yi mini ciwo in ji an binne makaɗi an binne waƙarsa tare da shi.

Ɗauko baiti ɗaya rak daga kaset, ka maimaita saurare har ka tabbata. Inda ya ce "yaz zaka", bar shi haka, kada ka mai da shi "ya zo". Zamfaranci ya yi waƙarsa da shi.

Yawan mata da 'ya'ya, daga babban ɗansa za ka karɓa. Ka rufe da addu'a, sannan ka kawo mini in duba kafin a karanta.