Waƙoƙin finafinan da sun fi daɗi ne, ko kewa ce?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko waƙoƙin finafinan Hausa na zamanin kaset sun fi na yanzu daɗi da gaske, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai. Ni dai a ganina kewar ce ta fi yawa. Kiɗan ma ai da fiyano guda ake haɗa shi a Kano, yawanci Yamaha, salon kuma daga finafinan Indiya aka aro shi.

Yadda muka same su ne ya sa suka zauna mana a rai. Yau a waya kake saurare kai kaɗai, kafin wata ta kama ka wata ta fito. Mu kuwa a Birni, nan Damagaram, maƙwabcinmu ne kaɗai mai bidiyo a layinmu. Bayan sallar isha'i zai fito da tele tsakar gida, mu yara mu cika tabarma har bakin zaure. Washegari 'yan mata na rera waƙar a hanyar ɗebo ruwa. Kaset ɗin waƙa guda sai ya zagaye unguwa, in zaren ya tsinke mu liƙa da jan farce, mu naɗe shi da biro.