Da me zan auna ƙwazon ma'aikatana a sashen turara kayan tiyata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. An naɗa ni shugabar sashen wankewa da turara kayan tiyata na asibitinmu, wato CSSD. Hukuma na son rahoton ƙwazon kowane ma'aikaci, amma abin da ake tambayata kullum shi ne tiren kayan tiyata nawa muka fitar. Likitoci kuma ba su da magana sai "a yi sauri". Da me zan auna mutanena?
Sista, daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya taya ki riƙo. Na daɗe a ɗakin tiyata, don haka ki saurare ni da kyau: muddin yawan tire ne ma'auninki, gaggawa kike koya wa yaranki, kuma marar lafiya ne zai kwashi kashinsa a hannu.

Injin otokilaf, wato injin da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kaya da tururi mai zafi, ba ya jin roƙo. Kayan da aka naɗe suna buƙatar kamar minti 30 a zafin digiri 121, ko minti 3 zuwa 4 a digiri 134 in injin mai zuƙe iska ne, ban da lokacin bushewa. In wuta ta ɗauke ana tsaka da turarawa, daga farko za a sake. Ƙunshin da ya fito da laima ba ya shiga tiyata. Tef ɗin nan mai canza launi kuwa shaida ce kawai cewa tururi ya taɓa bayan ƙunshin, ba ta ce ƙwayoyin cuta sun mutu ba. Kuma almakashin da jini ya bushe a gaɓarsa, ko sau nawa aka turara shi bai tsarkaka ba, sai an fara sa masa buroshi.

To ki ɗora ma'auninki a kan waɗannan. Ki duba ko an yi gwajin Bowie-Dick, wato gwajin da ke nuna ko injin mai zuƙe iska yana fitar da iskar yadda ya kamata, kowace safiya kafin lodin farko. Ki duba littafin rajista: kowane lodi da lambarsa, zafinsa, lokacinsa da sa hannun wanda ya yi shi. Ki riƙa ƙirga tiren da ɗakin tiyata ya dawo da su saboda datti, laima ko rashin cikar kaya. Wannan adadin ne zai shiga rahotonki, kusa da yawan tiren da hukuma take so.

Wanda na fi so ki kula da shi shi ne ma'aikacin da ya zo da kansa ya ce, "Sista, lodin nan bai yi ba." Kada ki tsawata masa. Ki rubuta masa shi a matsayin ƙwazo, domin ranar da kika kunyata shi, gobe shiru zai yi ya tura kayan. In likita ya aiko cikin fushi, ke za ki fita ki amsa, ba ƙaramin ma'aikaci ba. Ki kuma nemi jerin tiyatar gobe tun da yamma, sannan ki rubuta wa hukuma takarda kan tiren da ake yawan jira, a sayo ƙarin saiti.