Allurar Botox a ido ba ta kwalliya kaɗai ba ce

'Yar uwa, kin ce fatar idon Inna na matsewa da kanta har ta kasa buɗewa, likita kuma ya ce allurar Botox, kina tsoron guba ce. E guba ce asali, amma ɗan mitsitsi aka sakawa a naman da ka murɗewa sai ya saki. Likitocin ido ma sunka fara amfani da ita, tun 1989 Amurka ta amince da ita don wannan ciwon da harara-garke. Tana kamawa cikin 'yan kwanaki, bayan kamar wata ukku sai an sake, wani lokaci fatar ta ɗan zubo ko idon ya bushe amma yana wucewa. Don Allah banda kyamis ko masu kwalliya, ku kai ta sashen ido na UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Allah ba Inna lahiya.