Bambancin scold, reprimand, rebuke da berate

Malam, ka tambaya ko waɗannan kalmomin Turanci huɗu abu ɗaya suke nufi, tunda duk faɗa ne. Ba ɗaya ba ne. Abin lura shi ne wa ke faɗan, kuma wa ake yi wa.

Scold faɗan babba ne ga yaro: uwa ta ga ɗanta ya shigo ɗaki da taɓo a ƙafa, ta rufe shi da faɗa. In ka yi amfani da ita tsakanin manya biyu, ka mai da ɗayansu yaro ke nan.

Reprimand na hukuma ne, sau da yawa a rubuce yake zuwa, a sa a fayil ɗin ma'aikaci ko soja ba tare da an ɗaga murya ba. Rebuke tsawa ce gajeriya mai kaifi, jimla ɗaya ta isa.

Berate na fi so ka kiyaye. Doguwar masifa ce cikin fushi, ana ta zazzagawa har mai sauraro ya fara tausayin wanda ake yi wa. In ka rubuta ta a kan malami da ɗalibinsa, laifin malamin mai karatu zai gani. In jan kunne mai laushi kake nufi, ɗauki chide ko admonish.